Babi na Shida: Ya Ƙi Biya, Ya Ƙi Tashi

"Gidana ne, da gumina na gina shi. Me zai hana in fitar da mutumin da ya ƙi biyana haya?" Lauyoyi da masu unguwanni da dillalan gidaje sun saba jin wannan tambaya, kuma galibi sai rai ya riga ya ɓaci ake zuwa da ita. Mai tambayar ba lallai attajiri ba ne. Sau da yawa ɗan fansho ne da ya zuba giratutinsa a ɗakuna huɗu, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gida guda, wadda kuɗin hayar nan shi ne cefanenta, shi ne kuɗin makarantar yara. Idan irin wannan mutum ya ga wani ya shafe wata takwas yana kwana a ɗakinsa ba ko sisi, ba abin mamaki ba ne zuciya ta raya masa ya kira kafinta a cire ƙofa.

Amsar ba ta da daɗin ji: doka ce za ta hana shi. Sai dai dokar da ta ɗaure masa hannu ita ce kuma ta shata masa hanyar karɓar gidansa, kuma wanda ya kama hanyar tun da wuri yakan riga mai gaggawa isa.

Mallaka daban, zama daban

Ranar da mai gida ya karɓi kuɗi ya miƙa makulli, ciniki ya faɗa. Bai sayar da gidan ba, amma ya sayar da zaman cikinsa na wani lokaci. Misalinsa kamar wanda ya ba da hayar gona ne na damina guda: duk gari ya san gonar tasa ce, amma ba shi da ikon shiga ya tuge dawar mutum don sun sami saɓani ana tsakiyar ruwa. Dokar haya a Najeriya ta ƙara da wani abu a kan wannan. Ko wa'adi ya cika, ko bashi ya taru, wanda ya shiga gida da izinin mai shi ba a fitar da shi da ƙarfi sai da umarnin kotu.

Saboda haka duk dabarun da aka saba gani a unguwanni, doka ba ta san su ba sai a matsayin ƙeta haddi: yaye kwanon rufi ana gab da damina, cire ƙofa ko taga, garƙama kwaɗo, yanke wuta, kulle famfo ko banɗaki, watso kaya waje, turo 'yan daba su razana iyali. Ɗan hayar da aka yi wa ɗaya daga cikin waɗannan yana iya kai ƙara ya nemi diyya, kuma diyyar na iya zarce bashin da ake binsa, sai a wayi gari mai bin bashi ya koma wanda ake bi. A Jihar Legas, dokar haya ta 2011 ta mai da korar ɗan haya da ƙarfi laifin da ke iya jawo tarar naira 250,000 ko ɗaurin wata shida.

Ko gwamnati ba ta tsira ba. A 1985 gwamnatin soja ta Legas ta tura jami'ai ɗauke da makamai suka fitar da Cif Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali maganar gidan tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da matakin, ta kuma ƙi dakatar da umarnin da ya ce a mai da shi gidan. Har yau lauyoyi na kafa hujja da wannan hukunci. Abin da gwamnan soja bai samu ba, mai ɗakuna huɗu a Kurna ko Rigasa ba zai samu ba.

Caji ofis ma ba wurin karɓar haya ba ne. Rashin biyan haya saɓa alkawari ne tsakanin mutum biyu, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan irin wannan kaɗai. Mai gidan da ya sa aka tsare ɗan hayarsa kwana biyu don ya ji tsoro yana iya tsintar kansa, shi da 'yan sandan, a gaban babbar kotu ana tuhumarsu da tauye haƙƙin mutum.

Marar shi da mai hanawa

Kafin a ɗauki kowane mataki sai an san da wa ake yi. Masu wahalar da mai gida ba iri ɗaya ba ne, kuma babban rabo yana tsakanin wanda ba shi da kuɗin da wanda yake da su ya hana.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Malamin makarantar da ya yi shekara biyar yana biya kan lokaci, sannan ya zo ya gaza, bai zama mugu dare ɗaya ba. Ana gane irinsa. Shi yake fara zuwa da ƙafarsa kafin a neme shi, yana kawo abin da ya samu ko da rubu'i ne, ba ya kashe waya, kuma idan ya faɗi rana yakan yi ƙoƙarin cika ta ko ya zo ya ba da haƙuri. Ɗayan kuwa ya canza babur, ya yi suna da rago biyu, amma kullum maganarsa "ƙarshen wata in Allah ya so". Idan aka matsa sai ya tono laifin gida: rufi na yoyo, famfo ba ruwa, abubuwan da bai taɓa ambata ba sai ranar da aka tambayi kuɗi. Malaman fikihu sun daɗe da raba mutanen nan biyu, suka ce mai ƙunci a jinkirta masa, mai hali da ke ja wa mai haƙƙi rai kuwa azzalumi ne.

Amfanin rabon a aikace shi ne, na farko ana iya tsara masa biya kaɗan-kaɗan, ko a mai da shi ƙaramin ɗaki in akwai, ko a ba shi lokaci ya tashi da mutuncinsa. Na biyu kuwa duk watan da aka ƙara masa asara ce, domin haƙurin mai gida shi ne jarinsa. Da shi ake fara rubutu tun daga alkawari na biyu da ya karya.

A nan ya kamata mai gida ya duba nasa ɓangaren. Wanda ya bar masai ya cika ya ƙi kiran masu kwashewa, ya bar rufi yana zuba damina biyu, ko ya ninka haya ba sanarwa, shi ya ƙera wa kansa ɗan haya mai gardama. Alƙali zai ji ta bakin kowa, kuma ɗan hayar da ya zo da rasit na siminti da kwano da ya saya ya gyara gidan wani ba ya fita hannu rabbana.

Abin da za a nuna wa alƙali

Haya da yawa a garuruwan Hausa da baki ake ƙulla ta, dillali ya karɓi la'adarsa, a yi musafaha a watse. Irin wannan haya tana nan daram a doka. Matsalarta ranar rigima ce, lokacin da alƙali zai tambayi abu huɗu: yaushe ya shiga, nawa ne kuɗin, wata-wata yake biya ko shekara-shekara, kuma yaushe ya biya na ƙarshe. Mai gidan da amsarsa ke cikin kansa kawai ya shiga uku, domin ɗan haya ma yana da kai, kuma abin da ke cikin nasa daban ne.

Don haka kowane biya ya tafi da rasit mai kwanan wata, wanda ya faɗi daga yaushe zuwa yaushe kuɗin ya rufe, mai gida kuma ya riƙe kwafi. Biya ta banki ya fi, don banki ba ya mantuwa. Saƙonnin waya da na WhatsApp da ɗan haya ya turo yana ba da haƙuri kada a goge su, domin amsa bashi ne da bakinsa. Hotunan gida na ranar shiga, da lambar da mita ke nunawa a ranar, su ma a adana.

Wanda bai yi ko ɗaya ba har rigima ta taso, bai makara gaba ɗaya ba. Yana iya zama da ɗan hayar a gaban shaidu biyu a rubuta abin da ake binsa da ranar da zai biya, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wasu na ganin rubutu tsakanin Musulmi da Musulmi rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Sulhu da lissafinsa

Kafin notis akwai magana, kuma magana tana da tsani. Mataki na farko tsakanin mutum biyu ne, a keɓe, ba a tsakar gida gaban matarsa da 'ya'yansa ba. Magidancin da aka tozarta a gaban iyalinsa yakan ƙi tashi ko da yana da wurin zuwa, don kada a ce an kore shi. In hakan bai yi ba sai a nemi wanda ya kawo shi, dillali ne ko wanda ya tsaya masa, daga nan sai mai unguwa ko limamin masallacin da yake salla. A Kano da wasu jihohin Arewa hukumar Hisba ma tana zaman sasanci. Akwai kuma zauren sulhu da ke ƙarƙashin babbar kotun jiha, wanda aka fara kafa irinsa a Legas a 2002, Kano ta buɗe nata a 2009. Fifikon wannan zaure shi ne, abin da aka amince a cikinsa idan alƙali ya sa masa hannu ya zama hukuncin kotu. Ko a ina aka zauna dai, a tashi da takarda mai adadi da rana.

Akwai wata mafita da ke ƙona ran masu gidaje, amma lissafi yana bayanta: a yafe bashin, duka ko rabi, a madadin makulli. A ɗauka hayar ciki da falo naira 300,000 ce a shekara, ɗan haya ya tara bashin wata takwas, wato naira 200,000. Idan aka ba shi notis na wata shida yana zaune ba ya biya, an ƙara asarar naira 150,000. Sai watannin shari'a, sai kuɗin lauya, sai zirga-zirga. A ƙarshe in mutumin ba shi da komai, hukuncin da ya ce ya biya takarda ce kawai. Mai gidan da ya ce masa "ka ba ni makullina nan da kwana 30, na yafe rabi" ya rasa naira 100,000, amma wata mai zuwa sabon ɗan haya zai shiga da kuɗin shekara a hannu. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta cewa yafiyar ba ta tabbata sai makulli ya shiga hannu a ranar da aka sa. Wasu masu gidaje har kuɗin motar kwashe kaya suke bayarwa, kuma ba wauta ba ce.

Notis da ƙidayar kwanaki

In sulhu ya ci tura sai takarda, kuma a nan ne masu gaskiya da yawa ke faɗuwa. Dokar haya ta jiha ce, kowace jiha da tata, Abuja ma da tata, amma ginshiƙinsu kusan ɗaya ne. Idan yarjejeniya ta faɗi tsawon notis, ita ake bi. Idan ba ta faɗa ba, yadda ake biyan haya shi ke yanke tsawonsa: mai biyan mako-mako a ba shi mako guda, mai wata-wata wata guda, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai shekara-shekara wata shida. Wannan ne ya sa sakin layi guda a yarjejeniya, da ke cewa notis na wata ɗaya ko biyu ya wadatar, yake da daraja sosai.

Wata shida na nufin wata shida cur. Kotuna sun sha watsi da notis don ya gaza da kwana ɗaya, kuma idan aka yi watsi da shi sai a koma farko, ɗan haya na zaune. Tsohuwar ƙa'ida ma ta ce notis na mai biyan shekara dole ya ƙare daidai da ƙarshen shekarar hayarsa. Wanda hayarsa ke farawa 1 ga Janairu, notis ɗinsa ya ƙare 31 ga Disamba, ke nan ya shiga hannunsa kafin Yuni ya fita. In aka bari sai Satumba, an rasa wannan shekarar. Dokar Legas ta 2011 ta sassauta wannan, ta kuma ce mai biyan wata-wata da ya tara bashin wata shida hayarsa ta faɗi. Mai gida a wata jiha kada ya ɗauka sassaucin Legas ya shafe shi sai ya tambayi lauyan da ya san dokar jiharsa.

Hayar da aka rubuta mata ranar farawa da ranar ƙarewa, misali shekara ɗaya tak ba sabuntawa sai da sabuwar takarda, ba ta buƙatar wannan dogon notis. Ranar da wa'adi ya cika ta mutu da kanta. Amma in mai gida ya karɓi kuɗin sabuwar shekara ba tare da sabuwar takarda ba, yana iya mai da ita haya ta shekara-shekara da hannunsa.

Bayan notis na farko ya cika, ko wa'adi ya ƙare, mutum bai tashi ba, sai takarda ta biyu: sanarwar kwana bakwai, wadda ke shaida masa cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. Kwana bakwai cikakku ake nufi, ban da ranar da aka miƙa ta. Ba a haɗa ta da ta farko a rana guda don a rage hanya. Idan lauya ko wakili ne zai sa mata hannu, sai mai gida ya ba shi izini a rubuce tun kafin ranar, in ba haka ba lauyan ɗan haya zai fara da nan.

Takardar ta ɗauki sunan ɗan haya daidai, da adireshin gida, da irin hayar, da ranar da ake so ya tashi. A miƙa masa hannu da hannu a gaban shaida, ya sa hannu a kwafi. In ya ƙi karɓa ko yana ɓuya, dokoki sun tanadi manna ta a ƙofa, kuma a ɗauki hoto. "Na gaya masa da baki tun azumi" ba notis ba ne.

Bayan an ba da notis, karɓar kuɗi na buƙatar lura. Tsohon bashi halal ne a karɓa, amma a rubuta a rasit cewa na watannin baya ne. Karɓar kuɗin gaba kuwa yana buɗe ƙofar gardama cewa an janye notis an sabunta haya.

A 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, rigimar wani fili a Surulere da aka fara tun shekarun 1990. A cikin hukuncin an bayyana cewa shigar da ƙara kansa ya isa sanar da ɗan haya ana son gida, don haka ɗan kuskure a notis bai kamata ya zama mafakar wanda ya ƙi tashi ba. Masu gidaje sun yi murna, amma lauyoyi na ci gaba da muhawara kan iyakar wannan magana. Rubuta notis daidai ya fi arha a kan zuwa gwada ta.

A gaban kotu

Kotun da ake zuwa ta danganta da jiha da kuma yawan kuɗin hayar. Mafi yawan ƙananan haya a kotun majistare ko kotun gunduma ake yin su, wasu jihohi suna da kotun haya ta musamman, manyan kuɗi kuma sai babbar kotu. Mai gida yakan nemi abu uku: gidansa, bashin haya har zuwa ranar da hayar ta ƙare, da kuɗin zaman da ɗan haya ya yi daga wannan rana har ya miƙa makulli. Na ukun nan mutane kan manta da shi, alhali in shari'a ta ja shi ne ya fi yawa.

A jihohin Arewa Musulmi da yawa kotun Shari'a suke nufa, inda alƙalai ke duba littattafan Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa. Fikihun Malikiyya ya raba haya gida biyu. Akwai wadda aka yanke mata wa'adi, kamar a ce shekarar nan ko wata shida ɗin nan, ita tana ɗaure kowa har ta ƙare. Akwai kuma ta "kowane wata kaza" ba tare da an faɗi ƙarshe ba, wadda kowannensu ke iya warwarewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya, wannan kam dole a bar mutum ya cinye. A can ma hujja a kan mai da'awa take, don haka rasit da shaidu ba su rage daraja ba.

Idan hukunci ya fito, kotu kan ba ɗan haya rana. In ranar ta wuce, ma'aikatan kotu ne ke zuwa fitar da shi, 'yan sanda na tsaye don kiyaye rikici. Mai gida ko da takardar hukunci a aljihunsa ba shi ne zai ɗaga katifa ba. Wanda kuma ya riga ya tashi ya bar bashi, ana iya binsa ta kotun ƙananan basussuka, irin wadda Legas ta buɗe a 2018, Kano a 2019, da aka tsara don gama ƙara cikin kusan kwana 60 ko ba lauya.

Mai ɓarna da mai hana maƙwabta sakat

Wani yana biya kan kari amma zama da shi azaba ne. A gidan yawa, inda ake haɗa banɗaki da tsakar gida da mita guda, mafi yawan faɗa a kan abu uku yake: layin shara da wanke banɗaki, rabon kuɗin wuta, da rigimar yara da ke komawa ta iyaye. Na wuta ya fi sauƙin magani, domin mita mai kati ga kowane ɓangare tana kashe gardamar wane ne mai hita da firji, tana kuma hana mutum tashi ya bar wa gida tulin bashin wuta. Sauran kuwa sai ƙa'ida a rubuce da kowa ya gani ranar shigarsa, da mai gidan da ba ya ɗaukar ɓangare don wance ta fi gaishe shi.

In mutum guda ne kullum ake kuka da shi, a sa masu kukan su rubuta ko su yarda za su ba da shaida, a ba shi gargaɗi a rubuce, sannan a bi hanyar notis. Haka wanda ya mai da ɗakin kwana sito ko wurin sana'a, ko ya sa wani a ɗakin yana karɓar haya a kan haya ba izini, ko ya fasa bango ya fitar da shago. Malikiyya sun tattauna irin wannan: fasiƙancin ɗan haya ba ya warware haya kai tsaye, alƙali ne zai umarce shi ya daina, in ya ƙi a fitar da shi a ba wani hayar wurin a madadinsa.

Duba gida haƙƙin mai shi ne, amma da sanarwa, da rana, kuma a gidan matan aure sai maigidan yana nan ko a tura mace. Makullin ajiya da ke hannun mai gida ba izinin shiga ba ne.

Abin da ya shafi laifi kuwa, kamar ajiye makamai ko dillancin ƙwaya, wannan na hukuma ne, kuma a nan kiran 'yan sanda ko NDLEA ya zama dole. Dokar miyagun ƙwayoyi tana kama mai kula da gidan da ya bari da saninsa ana irin wannan harka a ciki. Sai dai kama mutum ba ya kashe hayarsa. Ɗakin da kayansa ke ciki sai an bi ta kotu kafin a buɗe.

Wanda ya gudu, wanda ya rasu, da ɗan uwa

Wani lokaci ɗan haya yakan kulle ɗaki ya ɓace, wata biyar ba shi ba labarinsa. Fasa ƙofa a nan tarko ne, domin ranar da ya dawo zai ce akwai sarƙar zinare da kuɗi a ƙarƙashin katifa, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Hanyar ita ce a manna sanarwa, a nemi umarnin kotu, a buɗe a gaban ma'aikacinta da mai unguwa, a rubuta duk abin da aka tarar a ɗauki hotonsa, a adana.

Mutuwa ba ta warware hayar da aka yanke wa wa'adi. A fikihun Malikiyya magada na ci gaba da zama har wa'adin ya cika, kuma matar mamaci tana da haƙƙin yin takabarta ta wata huɗu da kwana goma a gidan idan mijin ya riga ya biya kuɗin. Bashin da ya bari kuma daga dukiyarsa ake fitarwa kafin rabon gado, don haka wurin kai maganar shi ne magada ko kotun da ke rabon, bayan an share makoki.

Mafi wuya duka shi ne ɗan uwa ko suruki da aka ba ɗaki "kafin ya samu wuri", shekara bakwai ke nan. Ba rasit, ba wa'adi, kuma duk dangi na da ta cewa. Doka ba ta yarda a watsar masa da kaya ba shi ma, amma kafin a kai ga kotu, wanda ya fi iya tayar da shi shi ne babban da yake jin nauyi a cikin dangi, tare da rana tsayayya da aka faɗa a gaban mutane.

Da makulli ya dawo hannu, sabon lissafi ya taso: wane ne zai biya fenti, wane ne zai biya tagar da aka fasa, me za a cire daga kuɗin ajiyar da ɗan haya ya bayar ranar shiga, me za a mayar. Babi na gaba zai bi wannan dalla-dalla, daga zagayen duba gida ranar tashi har zuwa yadda ake sa wa wanda zai shigo sabon farashi.